Mikin Ƙafar Baba Ya Ƙi Warkewa, Gwaggo Ta Ce Daji Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 29, ina gidanmu a Jos. Mahaifina yana da shekara 67, shekara tara ke nan yana fama da ciwon suga. A cikin sanyin watan Janairu ya yi ta kukan ƙafafunsa sun yi kamar ƙanƙara, sai na zuba garwashi a kasko bayan isha'i na ajiye masa kusa da ƙafa. Barci ya kwashe shi. Da safe muka ga gefen tafin ƙafarsa ta dama ya tashi bororo, shi kuwa ya ce ko alama bai ji zafi ba. Bororon ya fashe ya zama miki, yau sati bakwai. Mun fara da mai kemis, ya ba mu kafso da shuɗin magani, ba a dace ba. Gwaggona, yayar Baba, ta zo daga ƙauye ta ce daji ne, shi kuwa daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Kullum tana wanke shi da ruwan bagaruwa, ta barbaɗa wani gari, ta ce a bar shi a buɗe ya sha iska. Yanzu ya fara wari, bakinsa ya yi tauri, da yamma ƙafar takan kumbura. Yayana da ke aiki a Abuja ya turo kuɗi, amma kullum sai ya kira yana faɗa, wai mu za mu kashe Baba. Baba ya ce ba inda za shi, domin amininsa da aka kai asibiti an yanke masa ƙafa. Cewa yake tunda ba ya masa ciwo, ai sauƙi ne, kuma har yau da ƙafa yake zuwa masallaci sau biyar. In na yi magana Gwaggo ta ce boko ya ɓata ni. Anti, ni na kai masa kaskon nan, ba na iya barci. Me ya hana mikin warkewa, kuma yaya zan yi da mutanen gidanmu?

Daga wata 'yar'uwa, Jos.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Zan fara da abin da ba ya jira, bayani ya biyo baya. Miki a ƙafar mai ciwon suga, wanda ya yi sati bakwai, ya soma wari, ƙafar kuma tana kumbura, ya wuce hannun mai kemis, ya wuce tsakar gida. Gobe da safe ya kamata likita ya gan shi. Ba sai an yi albashi ba, ba sai Yaya ya samu hutu ya taso daga Abuja ba. In kuwa kafin gari ya waye zazzaɓi ya rufe shi, ko kika ga jan yana hawa zuwa idon sawu da ƙwauri, ko wani yatsa ya fara baƙi, ko yana amai, ko maganarsa ta fara rikicewa, to a daren za ku nemi mota. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da asibitin ƙwararru na jihar Filato, da asibitin Jankwano, duk suna da sashen gaggawa.

Yanzu batun kaskon da ya hana ki barci. Garin nan yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san abin da ake nufi da sanyin Janairu. Gida nawa ne ba a kunna kasko? Tsoho ya ce ƙafarsa na sanyi, 'yarsa ta tashi ta hura masa wuta, wannan jinƙai ne. Mai lafiyayyar ƙafa, da zafi ya lashe shi zai janye ta tun kafin ma ya farka. Baba bai janye ba saboda jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi sun yi rauni. Haka suga yake yi in ya daɗe yana hawa: yana cin waɗannan jijiyoyi a hankali, daga yatsu yake somawa ya yi sama. Ba mamaki sanyin da yake kuka da shi ma daga nan ne. Ba wanda ya gaya miki wannan, kuma ba a kama mutum da laifin abin da bai sani ba. Ki kuma lura, da ƙuna mai wannan girman ce ta samu ɗalibinki ɗan aji huɗu, da tuni ta zama tabo yana buga ƙwallo. Ashe maganar ba ta wanda ya kawo garwashi ba ce. Abin tambaya shi ne wanda kika yi a ƙarshen wasiƙarki, me ya tsayar da warkewar.

Jiki yana da tsarinsa na gyara, kuma aikin yana bin juna ne kamar gini. Da fata ta tsage, cikin 'yan mintoci jijiyoyin jinin wurin sukan tsuke, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini su taru su manne da juna, a saƙa musu zare mai kama da raga, jini ya daskare ya toshe ɓarakar. Kamar a jingina zana ne a inda katanga ta faɗi kafin magina su iso. Daga nan fararen ƙwayoyin jini su shigo. Su ne 'yan sintiri kuma su ne 'yan shara, suna cinye ƙwayoyin cuta suna kwashe mataccen nama. Shi ya sa sabon rauni kan yi ja, ya ɗan kumbura, ya yi ɗumi da zogi na 'yan kwanaki, mutane su tsorata alhali aiki ake yi. Daga wajen kwana na huɗu zuwa sati uku ake ginin gaske. Sababbin jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta, sukan tsiro cikin ramin. Wasu ƙwayoyin kuma su riƙa zuba wani sinadari da likitoci ke kira kolajin, shi ne rodi da simintin nama. Ramin ya riƙa cikowa daga ƙasa da wani jan nama mai gudaji-gudaji kamar cikin jar gwaiba, bakin mikin ya riƙa matsowa, sabuwar fata ta riƙa rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya. Ko bayan ya rufe aikin bai ƙare ba, jiki kan shafe watanni, har shekara ko fiye, yana warware zaren nan yana sake jera shi. Duk da wannan wahala tabo ba ya kai ƙarfin fatar asali, iyakarsa wajen kashi 80 cikin 100. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mikin Baba ya maƙale a wurin shara. 'Yan shara sun zo, sharar ta ƙi ƙarewa, magini kuwa ba ya ɗora tubali a kan juji. Suga in ya yi yawa a jini yakan sa fararen ƙwayoyin nan kasala, ba sa isa da wuri, in sun isa ma ba sa kisa yadda ya kamata. Yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, ga shi ƙafa ita ta fi ko'ina nisa da zuciya. Kin san gidan da ke ƙarshen bututun famfo, shi ne na ƙarshen samun ruwa, shi ne na farkon rasawa. To iskar da nama ke shaƙa, da abincin da za a yi ginin da shi, har da maganin da Baba ya haɗiya, duk a cikin jini suke tafiya. In jini bai isa ba, babu abin da ya isa. Sannan abin yana zagayawa: ƙwayoyin cuta a miki suna sa suga ya ƙara hawa, hawan sugan kuma yana ƙara musu ƙarfi.

Sai tafiya. Duk takun da Baba ya yi, nauyin jikinsa gaba ɗaya yana sauka a kan waɗannan siraran jijiyoyi da suka fara tsirowa, ya murƙushe su. Sau biyar a rana, zuwa da dawowa. Mutum ne ke shuka da safe, ya bi ya tattake da yamma. Taurin da kika gani a bakin mikin kanta ce, wato fatar da ta yi kauri, shaidar cewa ana takawa, kuma sabuwar fata ba ta iya haye ta. Wanda ke jin zafi ba sai an hana shi tafiya ba, ɗingishi ma kariya ce. Shi ya sa a duk wasiƙarki babu maganar da ta fi tayar min da hankali kamar wannan ta Baba, cewa tunda ba ya ciwo sauƙi ne. Zafi mai gadi ne, na ƙafar Baba ya yi barci, ɓarawo na ciki yana kwasa gida shiru. A ƙafar mai suga ba a auna sauƙi da rashin zafi. Da ido ake aunawa, da hanci, da faɗin mikin.

Batun barin miki a buɗe ya sha iska, ba Gwaggo kaɗai ba ce, har likitocin zamanin da ma haka suka ɗauka. A 1962 ne wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu. Ya rufe wasu raunuka ya bar su da danshinsu, wasu ya bar su suka bushe suka yi ɓawo, sai ya ga sabuwar fata ta rufe masu danshin da sauri kusan ninki biyu. Dalili shi ne ƙwayoyin fata a kan danshi suke rarrafe, in wuri ya bushe sai sun yi haƙa ta ƙarƙashin ɓawo. Ban ce ki je ki naɗe ƙafar da leda ba, miki mai wari yana da irin bandejin da ya dace da shi, kuma wanda ya gan shi da ido ne zai zaɓa. Abin da nake nufi, buɗaɗɗen miki a tafin ƙafa, cikin ƙurar hunturu da ƙudaje, ba iska kaɗai yake sha ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa sati bakwai yana a tsage.

Mu zo kan Gwaggo, don ina ganin a nan ne za ki ci nasara ko ki faɗi. Matar da ta baro ƙauye ta zo ta durƙusa kullum tana wanke miki mai wari ba maƙiyiya ba ce. Wataƙila ita ta goyi Baba. Bagaruwa kuma ba ƙarya ba ce, tana da sinadarin da ke tsuke fata ya busar da ita, shi ya sa majema ke jima da ita, shi ya sa kuma takan yi kamar ta yi aiki a ƙaramin ƙurji. Sai dai aikin majemi a kan matacciyar fata yake, mu kuwa rayayya muke so ta tsiro. Garin da take barbaɗawa ya fi damuna. Yana haɗuwa da ruwan miki ya daskare a sama, a ga kamar ya bushe alhali mugunya na taruwa a ƙasa tana neman ƙashi. Kuma duk abin da aka shanya a ƙasa aka daka a turmi yana iya ɗauko ƙwayar titanus, cutar nan da ke sandarar da jiki ta kulle muƙamuƙi. Shi ma shuɗin maganin kemis yana rina wurin ya ɓoye ainihin launin naman, wanda shi likita ke son gani.

Zancen daji ba ya son allura kuwa, na daɗe ina jin sa, kuma na san inda yake samun gindin zama. Ana riƙe mutum a gida wata uku, wata huɗu, sai nama ya ruɓe a ɗauke shi ranga-ranga. A asibiti a yi allura, ƙafar da ta riga ta mutu ta ƙi dawowa, a yanke. Waɗanda suka raka shi su koma gida su ce allura ce ta tayar da dajin. Ba wanda ke ƙirga watannin da aka yi a ɗaki. Mafi yawan ƙafafun masu suga da ake yankewa da ɗan ƙaramin miki suka fara, irin wanda ake cewa ba komai. Tsoron da ke riƙe Baba a gida shi ne yake tura shi wajen abin da yake tsoro, kuma wannan ce maganar da ya kamata ta shiga kunnensa.

Amma ba daga bakinki ba, ko in ce ba daga bakinki kaɗai ba. Dattijo ba ya son 'yar cikinsa ta kayar da shi a gardama, balle a gaban yayarsa. Yau bayan magariba ki sa ƙaninki ko wani namiji na gida ya samu limamin masallacinsu ya gaya masa halin da ake ciki ba ɓoye-ɓoye. Liman zai tuna masa hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Zai kuma warware masa abin da na tabbata yana cin ransa, wato sallar jam'i: marar lafiya yana da uzurin yin salla a gida, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, ana shafa a kan bandeji a wajen alwala, in ruwa zai cutar akwai taimama. Wani mutum kuma da za ku nema shi ne aminin nan da aka yanke wa ƙafa. Kada ku guje shi, ku kira shi a waya ku ba Baba, ko a je a ɗauko shi. A tambaye shi wata nawa ya yi a gida kafin a kai shi, a kuma tambaye shi me zai yi da za a mayar da shi sati na bakwai. Ina kyautata zaton maganarsa ɗaya za ta fi taku goma.

Ke kuma in kin shiga gaishe shi, ki zauna ƙasa kusa da shi ki yi magana a hankali. Ki ce, Baba, ba wanda zai taɓa ƙafarka da wuƙa sai da yardarka da sa hannunka, mu je su duba su faɗa mana inda muke. Wannan gaskiya ne. Abin da ba za ki yi ba shi ne alkawarin da ba a hannunki yake ba. Kada ki ce masa ba za a ba shi gado ba, don ana iya ba shi. Kada ki rantse cewa ko yatsa ba za a taɓa ba. In kika yaudare shi sau ɗaya, jinyar da ke gaba doguwa ce, ba zai sake yarda da ke ba. Ki kuma tuna ba salla kaɗai ke kai shi masallaci ba, akwai hira da tsararsa a bakin ƙofa. A shimfiɗa tabarma a zaure, a roƙi abokansa su riƙa biyowa bayan la'asar, zaman gida zai yi masa sauƙi.

Ita Gwaggo kada ki ce mata ta yi kuskure, ba a buƙatar wannan kalma. Ki ce, Gwaggo, kin yi iya yinki, Allah ya saka, mu haɗa da na asibiti mu gani, kuma ke za ki raka mu don Baba ya fi jin maganarki. Ki tafi da ita har gaban likita. Ki ƙulle ɗan garin nan a takarda, ki haɗa da kwalayen kafson kemis da magungunan sugansa, ki zube su a tebur. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sannan ki ba ta aikin da ba wanda zai iya sai ita. A gidan nan mutum ɗaya ne zai daka wa Baba tsawa ya ce koma ka zauna, ya koma, ita ce yayarsa. Ta zama mai tsaron ƙafar, kada ya taka. Addu'arta ta ci gaba, a yi ta a ruwan sha, mikin dai a bar wa bandeji.

Akwai abin da nake so ki shirya ta a kansa tun a mota. A asibiti za su kankare mikin, su yanke mataccen nama da kantar da ke bakinsa har sai sun kai inda ke fitar da jini. In an gama zai fi da girma, zai yi ja. Gwaggo na gani za ta ce ban faɗa muku ba, ƙarfe ya taɓa shi. To ki riga ta faɗa. Kwashe jujin nan ne ake yi don magina su samu fili, jinin kuma albishir ne, yana nuna naman da rai. Za su auna suga, har da wani gwajin da ke nuna yadda ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Za su taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, su tsikari tafin da wani siririn zare su ga inda yake ji da inda ba ya ji. Za su iya ɗaukar hoton ƙashi don a ga ko cutar ta kai can, su kuma ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a gano maganin da zai kashe ainihin ƙwayar da ke ciki, maimakon kafson kirdado. Ki tuna musu allurar titanus. In sun ce a koma allurar insulin, kada gida ya ɗauka ƙarshe ne ya zo. Insulin abu ne da jikin ɗan Adam ke yi da kansa, tun 1922 ake yi wa marasa lafiya allurarsa, kuma sau da yawa shi ya fi saurin sauko da suga a lokacin da miki ke buƙata. Ki tambaye su yadda za a ɗauke nauyi daga ƙafar, ko da sandar dogarawa, ko da takalmi na musamman, ko da keke.

A gida ki bi abin da nas ta nuna miki, ki roƙe ta ki yi sau ɗaya a gabanta. Wanke hannu da sabulu kafin da bayan, wanke mikin da ruwan gishirin asibiti, irin wanda ake ƙarin ruwa da shi. Ban da jiƙa ƙafar a ruwan zafi. Ban da sifirit, ban da ruwan nan mai kumfa da ake zubawa a rauni, don suna kashe jariran ƙwayoyin fata tare da na cuta. Wani zai kawo zuma, tabbas. Akwai zumar da aka tace musamman don miki, asibitoci na amfani da ita, amma ta kwalbar bakin titi ba ita ba ce, a tambayi likita tukuna. Ke malama ce, kina da rula. Duk Juma'a ki ajiye ta gefen mikin ki ɗauki hoto da waya. Likitoci kan duba ko miki ya ragu da kusan rabi bayan sati huɗu na kulawa mai kyau, in bai ragu ba sukan sake lale. Hotunan nan za su raba gardama a gida fiye da kowane baki.

Su ne kuma za ki riƙa tura wa Yaya. Faɗansa tsoro ne, yana nesa, hannunsa bai kai ba sai murya. Amma ki gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa kiran zargi ba ya ƙara komai sai nauyi a kanki. In yana son taimako ga aiki: ya kira Baba ya lallashe shi a matsayin babban ɗa, ya ɗauki nauyin na'urar auna suga da tsinkayenta da kayan wankin miki da kuɗin mota, ranar Juma'a ya kamo hanyar Keffi da Akwanga ya zo ya kwana biyu ke ma ki runtsa. Ya kuma bincika rajistar Baba a hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, PLASCHEMA, don jinyar miki irin wannan ta watanni ce.

Abinci ma magani ne a nan, kuma gidaje da yawa suna kuskure, sai su hana mai suga komai har ya rame. Jiki ba ya gina nama da yunwa. Kolajin ɗin nan yana buƙatar abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, awara, nono marar suga, sai fa in likita ya ce ƙodarsa ba ta so. Yana kuma buƙatar bitamin C. Matuƙan jirgin ruwa na da, in suka yi watanni a teku ba ɗanyen abu, har tsofaffin raunukansu kan sake buɗewa, sai a 1747 wani likita, James Lind, ya gwada ba su lemo ya ga sun farfaɗo. Ku kuwa a Jos kuke, kayan lambun da ake lodi zuwa wasu jihohi daga Farin Gada suke tashi. Kabeji, tumatir, tattasai, alayyafo, zogale, ga gwaiba. Na san an ce acca abincin masu suga ce, kuma ba laifi, amma in aka cika kwano da ita ita ma tana ɗaga suga. A yi gwate ganye ya rinjayi tsaki. A rage biredi da farar shinkafa da dankalin Turawa, shayi kuma ba suga. In Baba yana shan taba, yanzu ne lokacin ajiye ta, don tana ƙara tsuke hanyoyin jinin da dama a ƙuntace suke.

In duk an yi wannan ya kafe, kada ku zauna. Ku nemi likita ko nas a unguwa ya shigo ya duba shi a ɗakinsa, ko ku fara da ƙaramin asibitin da ke kusa, wanda ba ya ba shi tsoro. Sau da yawa in baƙo mai farar riga ya kalli ƙafar ya faɗi abin da 'ya'ya suka yi sati suna faɗa, sai a ji dattijo ya ce a ɗauko masa hularsa. Wannan gada ce kawai zuwa babban asibiti, kuma ta kwana ɗaya ce ko biyu. Ku sa ƙannen Baba maza a ciki, kada nauyin ya zama naki ke kaɗai.

Na ce zan dawo kan tabo. In Allah ya sa ya warke, wurin ba zai koma kamar da ba, kuma jijiyoyin da suka yi barci ba lalle su farka ba, don haka miki na iya dawowa a nan ko a wani wuri. Kasko ya bar ɗakin Baba ke nan, haka robar ruwan zafi. In sanyi ya zo, safa mai kauri marar matsi da bargo. Ba tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, a zazzage takalmin kafin ya sa, don tsakuwa na iya kwana a ciki bai sani ba. Ruwan wanka da na alwala wani ya fara taɓawa da gwiwar hannu. Mai yankan farce na yawo da rezarsa kada ya kusanci ƙafar nan. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, a shafa mai a dunduniya saboda faso.

Kin yi sati bakwai idonki na kan ƙafar dama. Yau da dare, in kin kai masa abinci, ki ɗauki tocila ki duba ta hagun, tafin da dunduniya da tsakanin kowane yatsa, ki gaya wa likita abin da kika gani gobe. Ki rubuto min bayan kun dawo, ina jiran labarin Baba.